Na Ɗaki Daban, Na Jariri Daban: Darasi Ga Masu Koyon Rubuta Manhaja

Yau filin namu na 'ya'yanku ne da ƙannenku masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Iyaye ma kada ku wuce, domin maganar ta shafi katin rigakafin jaririnku.

Ku dubi ɗakin awon yara a Isa ko Sabon Birni. Akwai abin da ya shafi kowa: sunan asibitin, da jadawalin rigakafi, wato BCG ranar haihuwa, Penta a mako 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Haka ma ƙa'idar awon damtse: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Wannan sau ɗaya ake rubuta shi a manna a bango. Akwai kuma abin da yake na yaro shi kaɗai: sunansa, nauyinsa, da alluran da aka riga aka yi masa. Wannan a katinsa yake zama.

Haka abin yake a salon rubuta manhaja da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka assasa a Norway da harshen Simula a shekarun 1960. A Python, sai ka rubuta class ka zana uwar tsari, misali Yaro, sannan kowane yaro da aka shigar ya zama ɗanta. Bayanin da ka ajiye a jikin uwar, kamar takardar bango yake, kowa shi yake karantawa. Wanda ka ajiye da kalmar self kuwa, katin yaro ɗaya ne.

Ga inda ake faɗawa rami. Ɗalibi ya buɗe jerin allurai babu komai a ciki, amma ya ajiye shi a jikin uwar. Ya ƙara wa yaro na farko Penta, sai ta bayyana a sunan kowane yaro, domin jerin guda ɗaya ne tal suke rabawa. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Maganinsa shi ne a buɗe sabon jeri da self duk lokacin da aka shigar da yaro.

Akwai kuma kishiyarsa. In ka so sauya ƙa'idar da ta shafi kowa, amma ka rubuta sabon adadin ta hannun yaro ɗaya, Python shi kaɗai za ta buɗe wa nasa, sauran na nan a kan tsohon. Sauyin kowa ta sunan uwar ake yin sa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a gabashin Sakkwato. Rashin tsaro ya raba iyalai da garuruwansu, wasu sun koma cikin gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Uwar da katin ɗanta ya ɓace a hanya, da abin da aka adana za a dogara. In manhaja ta ce an yi wa yaro ta ƙyanda alhali ba a yi ba, sai a sallame shi babu kariya.

Don haka, ɗalibi, kafin ka ajiye kowane bayani ka tambayi kanka: in na sauya wa yaro ɗaya, ya dace na sauran ya sauya? In a'a, to nasa ne. Sannan ka gwada da yara biyu, ka yi wa ɗaya allura, ka leƙa katin ɗayan.

Iyaye kuma, ku adana katin nan a leda tare da muhimman takardunku, ku ɗauki hotonsa a waya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya raya mana zuri'a.