Don Me Nake Karantar da Ɗalibaina Labarin Birnin Niyok?



Ya 'yan'uwana matasa, wani dattijo a nan Minjibir ya tare ni bayan La'asar ya ce: "Malam, mun kawo yara su koyi Turanci, me ya kai ka labarin Amurka?" Tsoronsa yana kan hanya, amma ban bar darasin ba.

Yaranmu sun riga sun shiga Niyok ta wayoyin yayyensu, kuma ba su ga komai ba sai benaye da tsiraici. Ni kuwa ina kai su unguwar Harlem, titi na 116, inda masallacin Malcolm Shabazz yake, inda 'yan Senegal ke kasuwanci. Ina gaya masu cewa a 2015 hukumar birnin ta sanya ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantun gwamnati. Ba na ɓoye masu ribar da ake juyawa a Wall Street, da masu kwana a titi cikin ƙanƙara.

Yaron da ke mafarkin tsallakawa, gara ya ji wannan daga bakin wanda ya biya masa Ahlari. Na roƙi dattijon ya zo ajin ranar Asabar ya saurara da kunnensa.

Wallahu a'alam.