Nasiha A Kan Yoyon Ruwan Mota Da Amanar Ciniki

Ina so in yi magana a kan wata al'ada da ta yaɗu a cikinmu: mota tana shan ruwa kullum, mai ita ba ya neman sababi, sai dai ya riƙa yawo da jarka yana ƙarawa. Ni a ganina wannan sakaci ne, ba tattali ba.

Ku sani, ya 'yan'uwa, ban da babbar lagireto ta gaba, akwai wata 'yar ƙarama ɓoye a bayan dashbod. Tiyo biyu ne ke kai mata ruwan zafi daga inji su komo da shi, ita ce ke ba da ɗumi da asubahin hunturu. In ta huje, alamominta bayyanannu ne ga mai lura: wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, da hazo mai maiƙo a gilashin gaba, da danshi mai santsi a shimfiɗar ƙafa ta gaba, sannan hita ta daina ɗumi, allurar zafi kuwa ta riƙa hawa.

Hanyar bincike ita ce a bari inji ya huce sarai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana danne shi har ya wuce haka, wanda ya buɗe da zafi ya ƙone fuskarsa. In ya huce, a duba tiyon nan biyu da zobban da ke ɗaure su, domin sau da yawa nan ɓarnar take, gyaranta kuwa mai araha ne. In su lafiya suke, bakanike ya sa famfon gwaji ya matsa iska, yoyon zai fito fili. In ƙaramar lagireton ce, sai a kwance dashbod a sake ta, a zuba ruwan lagireto na ainihi, a fitar da iskar da ta maƙale. Ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa. Shi kuwa ruwan lagireto guba ne, a nesanta shi daga yara da dabbobi.

Wani zai ce kwance dashbod da tsada, gara a haɗe tiyon biyu a tsallake hita. Na yarda wannan dabara ce ta lalura, tana kai mutum gida. Amma zuba ƙwai ko barkono don toshe huji yana toshe hanyoyin ruwa ne, ƙarshensa inji ya ƙone gasket. Wanda ya ƙi biyan kaɗan ya biya mai yawa, kuma tsayuwa da fasinja a gefen dajin Rugu bayan magariba ba abin wasa ba ne.

Saura magana ga dillalai. Malaman Malikiyya, a Risala da Muhtasar, sun tabbatar cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa in ya gano. Wanda ya tsallake hita, ko ya san motarsa tana yoyo, wajibi ne ya faɗa kafin a sallama. Ribar da aka samu da ha'inci ba ta da albarka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu ci halali. Haza wassalamu.