Shahadar Asibiti da Ƙarancin Likita a Ostareliya

A ƙasar Ostareliya, inda tun shekarar 1984 tsarin Medicare yake ɗauke wa talaka kaso mai tsoka na kuɗin ganin likita, hukuma ta gindaya wa ƙananan asibitocin unguwa sharaɗi, cewa ba za su sami ƙarin tallafi ba sai masu tantancewa sun zo, duk bayan shekara uku, sun duba yadda ake adana bayanan majinyata, da tsabtar kayan aiki, har ma da sanyin firjin da ake ajiye alluran rigakafi, sa'an nan su ba da shahada. Wannan tadbiri ne na hikima, babu shakka, kuma wasu cibiyoyin lafiya 31 da aka kafa a 2015 suna taimaka wa asibitocin wajen cika sharuɗɗan. Amma fa, a nawa ra'ayi, shahada ba ta wadatar ba matuƙar garuruwan da ke nesa da Sidni da Melbon sun dogara ga likitocin ƙetare, waɗanda doka ta wajabta wa hidima a wuraren da ake ƙarancin likita har tsawon shekara goma, alhali da yawansu, da zarar wa'adi ya cika, birni suke nufa. Wajibi ne hukuma ta fifita tarbiyyar 'ya'yan karkara su zama likitocin garuruwansu.