ƊAN SA-KAI MA YANA DA HAƘƘI A GABAN SHARI'A

Da zarar hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, iska ta soma kaɗawa, hankalin kowane magidanci a Namtari yakan koma kan gobara. Namtari ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, kuma akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya, waɗanda dukiyarsu take cikin rumbu da jinka da zana. In wuta ta tashi a irin wannan wuri, kafin motar kashe gobara ta taso daga cikin gari ta iso, sau da yawa aikin gama ya gama. Saboda haka masu fara tarar wutar samari ne 'yan sa-kai, da bokitin ruwa da ƙasa da ɗanyen ganye, ba albashi, ba fansho, sai dai sannu da Allah ya saka.

Jihar Adamawa ta san amfanin irin waɗannan mutane. An ga aikinsu lokacin da Binuwai ta yi ambaliya a 2012 da 2022. An kuma gan shi a watan Nuwamba na 1914 da ɗari, watau 2014, sa'ad da mafarauta da 'yan banga suka taimaka wa soja aka ƙwato Mubi daga hannun 'yan Boko Haram. Amma akwai wani abin takaici da ba a cika magana a kansa ba. Mutum zai shekara biyar ko goma yana bauta wa ƙungiya, ran nan shugaba ya ce da shi ya ajiye riga da katin shaida ya kama gabansa, ba takarda, ba bayani, wani lokaci ma har da ƙazafin ya saci kayan aiki. To, irin wannan bawan Allah, ina zai kai kukansa?

Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne, doka ta bambanta ma'aikaci da ɗan sa-kai. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yi tanadi ne domin wanda ke aiki bisa yarjejeniya tsakaninsa da ubangidansa. Ita ce ta tsara wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Ma'aikacin Hukumar Kashe Gobara ta gwamnati kuwa ya fi kowa gata, domin ƙa'idodin aikin gwamnati ne ke riƙe da shi, kuma tun shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda doka ta tsara sharuɗɗan aikinsa, in aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya mayar da shi bakin aikinsa. Wanda ya kawo kansa don Allah, ba a yi da shi za a biya shi ba, ba shi da wannan gata.

Amma fa suna ba shi ne hukunci ba. Akwai waɗanda ake kira 'yan sa-kai alhali kuwa kowane ƙarshen wata ana ba su alawus ƙayyadadde, an sa musu lokacin zuwa da na tashi, in sun yi fashi a yanke musu kuɗi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya danƙa wa shari'un ƙwadago a sashe na 254C, kuma take da reshe a Yola, takan dubi abin da ke gudana a zahiri, ba abin da aka rubuta a goshin takarda kaɗai ba. Har a Turai an yi irin wannan, inda a 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wani ɗan sa-kai mai kashe gobara a garin Nivelles na ƙasar Beljiyam, mai suna Matzak, ana iya ɗaukarsa ma'aikaci wajen lissafin lokacin aiki. Saboda haka duk wanda ake bai wa alawus, lalle ne ya adana kowace takarda da kowace shaidar biya, domin wata rana su ne za su yi magana a madadinsa.

Shi kuwa ɗan sa-kai na ainihi, madogararsa ita ce tsarin mulkin ƙungiyar da ya shiga. Alƙalai ba su son tsoma baki cikin harkokin cikin gida na ƙungiyoyi, kuma suna da hujja, domin kotu ba ta tilasta wa mutane zama da wanda ba su so. Sai dai in ƙungiya ta rubuta wa kanta ƙa'ida cewa ba za a kori ɗanta ba sai kwamiti ya zauna ya saurare shi, sa'an nan shugaba ya tsallake wannan ƙa'ida, to, an ba kotu hanyar shiga. Dalili ke nan da ya sa ya wajaba kowane ɗan ƙungiya ya nemi kwafen tsarin mulkinta tun ranar da ya shiga, ba sai ranar da aka ɓata ba.

Daɗin daɗawa, akwai haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi, wanda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar. Mutanen Arewa maso Gabas ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin ɗaya daga cikin manyan shari'un da suka kafa ta daga Maiduguri ta fito. A watan Fabrairu na 1983 ɗalibai suka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka ƙona dukiya, jami'a ta kafa kwamitin bincike ta kori wasu. Garba da 'yan'uwansa suka kai ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar. Dalili kuwa, shugaban kwamitin yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, watau mai ƙara ya zama alƙali, sa'an nan laifuffukan da aka ɗora wa ɗaliban, irin su ƙone-ƙone da sata, hurumin kotu ne. Darasin a fili yake: in an zargi ɗan sa-kai da sata, a faɗa masa zargin, a ba shi damar kare kansa gaban waɗanda ba su da hannu a rigimar. In kuma an yayata shi ɓarawo a bainar jama'a ba tare da hujja ba, yana da ikon ƙarar ɓata suna. Magana zarar bunu ce, kuma a ƙauye sunan mutum shi ne jarinsa. Haka nan in saboda ƙabilarsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa wata hukumar gwamnati ta sallame shi, sashe na 42 ya haramta wannan.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓen kotu, don tarihin wannan yanki kansa ya isa wa'azi. A 1986 Gwamnan tsohuwar Jihar Gongola, Kanar Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur. Sarkin ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Kano yana cewa an tauye masa haƙƙi, amma a 1989 Kotun Ƙoli ta ce tushen maganar sarauta ce, don haka ba hurumin waccan kotu ba ne. Shekara uku ana ta fama a kan inda za a yi shari'ar kawai. In haka ta sami sarki mai lauyoyi, ina ga talakan Namtari? Maganar ƙwadago ta Kotun Ma'aikata ce, rigimar ƙungiya da ɓata suna kuwa akasari Babbar Kotun Jiha ake kai su. Har wa yau akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati, wadda ta ƙayyade wata uku don kai ƙararsu a kan abin da suka yi a bakin aiki. Mai hikima ba ya bari wata ukun nan su wuce yana jiran alkawarin baka.

Duk da haka kotu ba ita ce matakin farko ba. Wanda aka sallama ya fara rubuta takarda cikin ladabi yana neman dalili a rubuce, ya ɗaukaka ƙara ga kwamiti ko amintattun ƙungiya, ya mayar da kayan aiki a gaban shaidu ya karɓi rasit. In abin ya ci tura ya nemi sulhu wurin jauro da hakimi da limamai da shugabannin coci, waɗanda sukan kashe wutar rigima tun tana ƙarama. Bayan wannan akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975, ba ta karɓar ko kwabo, amma tana son a kawo kuka cikin wata 12, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a ta 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995.

Ba wanda ya ce kada a kori mai laifi. Aikin wuta aikin rai ne, kuma ƙungiyar da ta bar mashayi ko maƙetaci a cikinta ta ci amanar jama'a. Abin da ake nema shi ne a kori mai laifi bisa ƙa'ida, yadda marar laifi zai kwana da kwanciyar rai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A Jamus masu kashe gobara na sa-kai sun kai kimanin miliyan ɗaya, a Amurka da Faransa ma su ne suka fi yawa, kuma sun ɗore ne domin doka ta san da zamansu. Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Adamawa ta yi doka wadda za ta sa a yi wa ƙungiyoyin sa-kai rajista, a ba 'ya'yansu horo ta hannun Hukumar Kashe Gobara, a tanadi magani da diyya ga wanda ya ji rauni, a kuma wajabta cewa ba kora sai da takarda da sauraro da damar ɗaukaka ƙara. Su ma ƙananan hukumomin Yola ta Kudu da Yola ta Arewa suna iya soma wannan tun yanzu da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinsu.

Samari suna kallo. In suka ga an wulakanta wanda ya shiga wuta jiya, gobe in an yi kururuwa kowa zai tsaya ƙofar gidansa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe da jama'a daga gobara, ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci.