Me zai kai Musulmi gonar inabi? Tsarabar hutu daga Kef Tawun

A watan Satumba na 2025, ni da wani aminina, injiniya ne da ya yi ritaya, mun yi hutun kwana tara a lardin Kef ta Yamma da ke ƙasar Afirka ta Kudu. Kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya kasa ta kashi uku: kwana uku a bakin teku domin kallon dabbobi, kwana uku a birnin Kef Tawun da duwatsunsa, sai kuma kwana uku a yankin gonakin inabi, inda ake matse giyar da ƙasar ta yi suna a kanta. Tun muna filin jirgi abokina ya ɗora yatsa a kan kashi na uku ya ce, "Malam, wannan kam ban da ni. Me zai kai Musulmi gonar giya?" Na ce masa, "Alhaji, bari mu isa tukuna." Da muka isa shi bai je ba, ni na je, kuma har yau ba mu daina muhawara a kan batun ba. Ganin cewa masu hali daga cikinmu sun fara karkata zuwa irin wannan hutu, shi ya sa na ga ya dace in kawo muhawarar gaban mai karatu.

Matsayina shi ne, duk wani kyakkyawan wuri da ake biyan kuɗi a kalla, akwai wanda ya riga ya biya farashinsa da jikinsa kafin baƙo ya iso, kuma matafiyin da ya dawo gida bai san ko wane ne wannan ba, ya yi asarar kuɗin jirginsa.

A bakin teku na fara fahimtar haka. A gaɓar Boulders da ke garin Simon's Town muka ga fengwin, wato tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ƙirji, wanda ba ya tashi sama, yana tafiya a tsaye kamar dattijo mai ciwon gwiwa, yana kuka irin na jaki. Jama'a sai dariya suke yi suna ɗaukar hoto. Sai dai kash, abin da ke bayan wannan dariya ba mai daɗin ji ba ne. A farkon ƙarni na 20 yawan fengwin na Afirka ya haura miliyan ɗaya. Mutane suka kwashe tulin kashin tsuntsaye da suke haƙa ramukan ƙwai a cikinsa suka sayar a matsayin taki, suka kwashi ƙwansu suka ci, daga baya kuma jiragen kamun kifi suka shiga yi musu kutse a kan sadin da sauran ƙananan kifayen da suke rayuwa a kansu. A 2023 ma'auratan da suka rage ba su kai 10,000 ba, a watan Oktoba na 2024 kuma aka sanya su a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Sai da ƙungiyoyi biyu masu kare tsuntsaye suka maka gwamnati a kotu, sannan a watan Maris na 2025 aka cimma yarjejeniyar hana irin wannan kamun kifi a kewayen wurare shida da suke hayayyafa, har tsawon shekara goma.

A garin Hermanus kuwa, mai nisan kamar kilomita 120 daga Kef Tawun, mun tsaya a kan tudu muna kallon wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa wadda tsawonta kan kai mita 15, tana iyo da ɗanta a gefenta. Daga Yuni zuwa Nuwamba suke zuwa haihuwa a wannan gaɓa. Sunan da maharban Turawa suka laƙaba wa wannan nau'i yana nufin "wadda ta dace a kashe", saboda ba ta da sauri, kuma gawarta ba ta nitsewa. Sun kusa ƙarar da ita kafin a haramta farautarta a 1935. Yau ga gari guda yana cin abinci da zuwanta. Ke nan abin da ya raba wel da fengwin shi ne, ita an ɗaga mata ƙafa tun da sauran lokaci, shi kuwa sai da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada.

Daga nan muka koma Kef Tawun muka hau Dutsen Tebur, mai tsawon mita 1,086, a cikin keken da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, wanda aka fara aiki da irinsa a wurin tun 1929. Dutsen na cikin yankin da ke da nau'in tsirrai kusan 9,000, waɗanda akasarinsu ba a samun su a ko'ina a duniya sai nan. Duk wanda ya tsaya a can ya ga gajimare na kwararowa daga kan dutse kamar an shimfiɗa farin mayafi, dole ya yi tasbihi. Amma idan ya sauke idonsa ƙasa zai hango tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a ɗaure. Zai kuma hango wani fili a gefen tsakiyar birni wanda har yanzu akasarinsa fayau yake. Nan ce Unguwa ta Shida, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana a matsayin ta Turawa zalla a 1966, ta rushe ta, ta kwashe mutane sama da 60,000, Musulmi da yawa a cikinsu, ta watsa su a wani fili mai rairayi da iska can bayan gari. Alhaji ya ga wannan da idonsa, ya yi shiru, ya ce lallai gani ya kori ji. Har zuwa nan bakinmu ɗaya.

A kashi na uku muka rabu. Hujjar Alhaji ba ta wasa ba ce, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Ya ce addini bai tsaya ga hana shan giya ba, ya hana zama a inda ake shan ta da taimaka wa cinikinta, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, shi ya sa ban shiga ɗakin ɗanɗana giya ko ɗaya ba, ban kuma ci abinci a teburin da aka ɗora ta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce yankin baki ɗayansa ba ruwanmu da shi, domin kuwa tarihin Musulunci a ƙasar Afirka ta Kudu a tsakanin waɗannan gonaki ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Kamfanin kasuwancin Holan ya kafa zango a Kef a 1652, kuma a ranar 2 ga Fabrairu 1659 aka matse giyar farko. Shekara ɗaya kafin nan, a 1658, aka sauke ayarin bayi na farko daga Angola da gaɓar Dahomi. Daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya. Da guminsu aka raya garin Stellenbosch da aka kafa a 1679, da gonar Constantia ta 1685, da kwarin Franschhoek inda aka zaunar da Faransawa 'yan gudun hijira a 1688. Kamfanin ya kuma mai da Kef wurin jefar da malamai da sarakunan Musulmi da suka yi masa turjiya a Gabas. A 1694 aka kawo Shehu Yusuf na Makassar da mabiyansa, aka ajiye su a gonar Zandvliet domin a nesanta su da bayin birni, amma sai wurin ya zama matattarar bayin da suka gudo. A can ya rasu a 1699, kuma na ziyarci hubbarensa. A Constantia ma, a bakin wata shahararriyar gonar inabi, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda aka koro daga Sumatra. Kurangar inabi na kewaye da shi ta ko'ina. Wanda ya ƙi taka yankin ba zai taɓa yi wa waɗannan bayin Allah sallama ba.

Ba a nan labarin ya tsaya ba. Da aka soke bauta a 1834, iyayen gijin aka biya diyya, bayin kuwa aka tilasta musu ci gaba da aiki har 1838, sannan aka sake su ba fili ba jari. Sai manoma suka riƙe su da wata igiya da ta fi sarƙa ƙarfi, wato biyan wani ɓangare na lada da giya, ana ɗiba wa lebura sau da dama a yini. An haramta wannan tsari a 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Direban da ya zaga da ni ya ce kakarsa da gwangwani ake auna mata nata. Sakamakon shi ne, binciken likitoci ya gano cewa wasu garuruwan yankin na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da giyar da uwa ta sha da ciki ta naƙasa musu ƙwaƙwalwa. Na sha jin wa'azi a kan illar giya tun ina yaro, amma ban taɓa ganin tafsirinsa a fili kamar yadda na gani a wannan kwari mai kyan gani ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen 2012 leburorin gona a De Doorns suka shiga yajin aiki, suna neman a ɗaga ladan yini daga rand 69 zuwa 150. An rasa rayuka, daga bisani gwamnati ta tsayar da 105 a 2013. Abin lura a nan shi ne, De Doorns cibiyar inabin ci ce, irin wanda ake sa wa a faranti. Tuffa da inabin wannan lardi suna zuwa har kantunanmu, muna kuma buɗe baki da su da azumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mu kuma da shan zaƙi. To, ta yaya za mu ce ba ruwanmu da gonar da muke cin amfaninta?

Alhaji ya yi kwanakinsa uku a manyan kantunan bakin tashar jiragen ruwa, ya sayo agogo da turare. Ban ga laifinsa ba, domin ya kiyaye abin da ya ga shi ne iyakarsa. Amma ina tsoron kada mu, 'yan bokon Arewa, mu mai da hutu ya zama sayayya da ɗaukar hoto kawai, alhali Alƙur'ani ya yi ta kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa domin mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Shawarata ga mai niyyar zuwa Kef ita ce, ya je ya ga fengwin tun suna nan, ya biya kuɗin shiga da zuciya ɗaya domin da shi ake kula da wurin. Ya hau dutse, ya sa a nuna masa Unguwa ta Shida. Ya yi salla a Masallacin Auwal da ke Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, wanda limaminsa na farko, Tuan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka lokacin da yake tsare a tsibirin Robben. Sannan ya shiga yankin inabi da alwalarsa, ya bar musu kofinsu, ya ziyarci magabata, ya kuma tambayi direbansa aikin da kakanninsa suka yi.

Da muka dawo gida na kai wa Alhaji ziyara, aka kawo mana inabi a faranti. Na ɗaga ledar na nuna masa sunan ƙasar da ke jiki. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka ci abinka, muhawara kuma sai wani jiƙon." Allah Ya sa mu dace, amin.