Gaɓar Kogin Bunga: Inuwa Muke Roƙo, Ba Otal Ba

Kogin Bunga ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Gwaram, ya nufi Jama'are. Mutanen Fagam da Gwaram da ƙauyukan kewaye sun daɗe suna cin albarkacinsa da na rafukan da ke zuba cikinsa ta wajen su da noman fadama da shayar da dabbobi. Abin da ba su da shi, shi ne wuri guda da aka keɓe don shan iska, inda dattijo zai huta, yaro ya yi wasa ba tare da iyaye sun shiga zullumi ba. Mu ɗaliban wannan yanki muna ganin lokaci ya yi da za a tanadi irin wannan wuri, amma da sharaɗi.

Sharaɗin kuwa tarihi ne ya koya mana shi. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da ƙasarmu ke cikinta, ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka kuma kafa otal-otal a gefensu don masu yawon buɗe ido. Niyyar mai kyau ce, sai dai wuraren na masu hannu da shuni ne, kulawarsu kuma tana wuyan gwamnati kaɗai. Da kulawa ta ja baya, sai suka dusashe, har otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka abin da muke nema kaɗan ne. A dasa darbejiya da mangwaro da tsamiya a kan tudu, sama da inda ambaliya ke kaiwa, domin kogin da ke kwance da rani kan yi toroƙo da damina, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san ginin siminti a bakin ruwa asarar kuɗi ne. A sa bencina, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina makewayi na maza daban, na mata daban. A share fili don ƙwallo da langa da kokawa, a ware wa mata da ƙananan yara nasu ɓangaren. A kafa alamu a wurare masu zurfi.

Wani zai ce mai neman abin sawa a bakin salati ina ruwansa da shaƙatawa? Amsarmu ita ce, yara suna zuwa rafi ko an shirya ko ba a shirya ba. A kwantaccen ruwa suke ɗaukar tsargiya, a gurbi mai zurfi ake rasa wasunsu. Famfo da makewayi da idon babba suna rage duka biyun.

Kada kuma a ƙwace gonar kowa. Hakimi da dagatai su zauna da masu fadama a daidaita, Ƙaramar Hukumar Gwaram ta ba da dashe da famfo, samari su riƙe ban-ruwa da shara ta hanyar gayya. Mu ɗalibai kuwa, mu fara kai wannan magana gida a hutun da ke tafe, kowa da dashensa a hannu, domin dashen damina shi ke kamawa. Allah ya sa mu dace.