Wai Mdou Moctar ya sayar da jitarsa? Ku fara tambayar Sakkwato

 Na san makon jiya na yi muku alkawarin yau za mu ƙarasa maganar tsadar taki da halin da manoman albasa suke ciki. Ku yi mini afuwa zuwa mako mai zuwa. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar Asabar, kuma na tabbata in ban furzar da ita ba, babu abin kirkin da zan iya rubuta muku.

Ɗaurin aure ne ya kai ni Shagari. Na shiga motar haya daga Sakkwato, direban saurayi ne mai son kiɗa, memorinsa cike da waƙoƙin Abzinawa. Ba mu yi nisa da barin gari ba sai jitar Mdou Moctar ta cika motar, irin sabon kiɗan nan nasa da yatsu ke gudu a kan tsirkiya kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Wani dattijo da ke kujerar gaba, wanda ya ce ya shekara da shekaru yana fatauci tsakanin Illela da Ƙonni da Tawa, ya juyo ya ce, “Direba, don Allah ɗana, canza muna wanga abu. Wanga ba kiɗi na ba, hayaniya ta. Ni na san waƙoƙin yaron ga tun suna shiga rai. Yanzu ya tahi Amurka ya sai da kainai ga Turawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.”

Wani ɗalibi da ke kusa da ni ya amsa da ladabi, amma ka san ladabin da ke ɗauke da raini. Ya ce, “Haba Baba, ai yanzu ne ya zama gwani. Waccan tsohuwar da kuke yabo wasan yara ce, murya ce kawai aka murɗe a kwamfuta.” Daga nan mota ta rabu biyu. Dattijon ya sauka a Boɗinga yana ƙunƙuni, ɗalibin ya raka mu har Shagari yana jin ya ci muhawara. Ni kuwa na sauka ina jin haushinsu su biyun, amma na dattijon ya fi ci mini rai, domin irin maganarsa ce na fi ji a bakin mutanenmu duk lokacin da wani namu ya ɗaga kai sama.

To bari mu bi abin daki-daki. Waɗancan waƙoƙin da dattijon yake kira na asali, waɗanda suka shiga ransa a kan hanyar Tawa, a ina aka ɗauke su? A Sakkwato. Kundin farko na Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, sunansa Anar, kuma a cikin 2008 ya tsallako iyaka daga Nijar ya zo nan birnin Shehu ya ɗauke shi. Wanda duk ya saurare shi da kunnen basira zai ji hannun situdiyonmu a ciki: ganga ta kwamfuta, da murya da aka bi da na'urar nan mai sa ta rawa, daidai yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani. Su kuma waƙoƙin finafinan, kowa ya san daga Indiya suka kwaso rabin kayansu. Wato abin da dattijo yake yi wa kuka a matsayin tsantsar hamada, gauraye ne tun ran gini: jitar Abzinawa, da salon Kano, da ƙamshin Bombay, aka dama su a tukunyar Sakkwato. A wancan lokacin ma da za ka tambayi wani tsoho a Abalak, da ya ce maka yaron ya lalace, ya tafi Najeriya ya sayar da kansa ga Hausawa.

Ita kanta jitar yaushe ta zama gadon Abzinawa? Kakanninsu da molo da ƙwarya suka san takamba, matansu da goge da turmin tande. Jita baƙuwa ce, samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya ne suka shigo da ita, irin su Tinariwen a Mali da Abdallah Oumbadougou a Nijar. Shi Oumbadougou ɗin ne Mdou ya gani yana kiɗa tun yana yaro abin ya shiga ransa. Gidansu gidan addini ne, ba a yarda da kiɗa ba, babu kuma kuɗin sayen jita, sai ya samo katako ya ɗaura masa wayar birkin keke ya koya wa kansa, da hannun hagu, domin bahago ne. Mutumin da ya fara da wayar birki, yau an ba shi jitar lantarki ta Fender da amsa-kuwwa da makaɗin ganga na gaske, sai a ce kada ya taɓa su don kada ran wani fasinja ya ɓaci?

Ku dubi tafiyar tasa. Waƙoƙin Anar ba a kanti aka sayar da su ba, daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da memori har suka tsallaka Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su, ya sa ɗaya a cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. A 2013 aka fitar da Afelan wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaradan. A 2015 ya fito a fim da harshen Tamashek a Agadas. A 2017 ya yi Sousoume Tamachek shi kaɗai, a sanyaye. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda ya ɗauka da cikakkiyar ƙungiya a Detroit. Sai Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024. Babu biyu a cikinsu da suka yi kama da juna. Wannan ba hali ne na wanda ya sayar da kansa ba. Wanda ya sayar da kansa, abin da ya karɓu yake ta maimaitawa har kasuwa ta gaji da shi.

Ga kuma abin da ya fi ba ni takaici. Dattijo ya ce Turawa sun saye shi. Shin ya tambayi wani mai jin Tamashek abin da yaron yake faɗa a cikin wannan hayaniyar? Yana tsayawa a dandamalin Turawan, a ƙasarsu, da kuɗin tikitinsu, yana gaya musu abin da Faransa ta yi wa Afirka. Yana maganar yuraniyom da aka shekara ana haƙa a Arlit ana haska biranen wasu, alhali ƙasar da ake haƙarsa sai ta jira wuta daga Najeriya. Mu da muke nan mun ga yadda aka datse wannan wutar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, muka ga yadda rufe iyakar Illela ya durƙusar da 'yan'uwa a ɓangarorin biyu. A wata waƙar kuma roƙon 'yan'uwansa yake yi kada su bar harshensu ya mutu. Mai irin wannan magana a baki ba zai yi ta da kiɗan lallashin jariri ba. Jitar ta yi kururuwa ne domin maganar ta kururuwa ce. In kiɗa ya sauya, a duba abin da ya sauya a zuciyar makaɗi kafin a yanke masa hukunci.

Juyin mulkin nan a Amurka ya riski Mdou da ƙungiyarsa suna yawon wasa, hanyar gida ta toshe. A wannan zaman jiran suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, a natse, aka fitar a 2025 da sunan Tears of Injustice. Kalmomin su ne, sai dai fushin ya koma alhini. Da direbanmu yana da shi a memorinsa, da dattijo ya sauka a Boɗinga da murmushi. Mutum guda ne, hannu guda ne.

Ban ce babu gaskiya ko kaɗan a tsoron dattijo ba. Akwai waƙoƙin da jitar ke danne murya, kuma kasuwar waje ta sha lanƙwasa mawaƙa. Amma wannan gardama ba yau aka fara ta ba, ba kuma mu kaɗai ke yin ta ba. John McLaughlin, gwanin jita ɗan Ingila, ya yi kiɗa da Miles Davis a lokacin da ake gauraya jaz da kiɗan lantarki, ya kafa Mahavishnu Orchestra a 1971 ya tara masoya da ƙarar jita da saurin yatsu. Kafin shekarun 1970 ɗin su ƙare ya ajiye lantarkin ya zauna a ƙasa da makaɗan Indiya irin su Zakir Hussain suka kafa Shakti. Da yawa cikin masoyansa suka ji kamar ya yi musu ƙwace. Shi an yi fushi da shi don ya rage ƙara, namu ana fushi da shi don ya ƙara. Ashe ba ƙarar ba ce matsalar. Mai sauraro ne yake son a ɗaure masa makaɗi a shekarar da shi yake saurayi.

Shi kuma ɗalibi, ɗana, in wannan shafi ya iso gare ka: da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ka kira wasan yara shi ya ɗauki sunan mutumin nan daga Sakkwato ya kai shi inda kake jinsa yau. Kai ba ka fara yabonsa ba sai da jaridun Turawa suka yabe shi. Wannan ita ce cutar da ta fi ta dattijo muni.

Yanzu bari in faɗi wadda za ta yi ɗaci, kun san ni da wannan magana, kuma ba zan daina ba. Mu da muke zargin makaɗi da bin kuɗin Turawa, nawa muka taɓa biya? Waƙar da muka tura wa juna kyauta shekara da shekaru, ko sisi ya shiga aljihun mai ita? Muna so ya zauna a gida ya yi mana kiɗa yadda muke so, amma ba mu son mu ciyar da shi. Wannan rowa ce aka yi wa rawani aka kira ta kishin al'ada. Kuma wace al'adar muka riƙe? Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace, yau ka bi Boɗinga da Shagari da Yabo gida-gida ka ƙirga mini samari nawa ke koyon kotso ko taushi ko molo ko kukuma. Yaro ya ɗauki gurmi mu ce ya zama maroƙi, mu hana shi 'yarmu. Bikinmu an bar wa mai kwamfuta da lasifika. Shata ya ɗauko kalangu daga hannun mahauta ya kai shi gaban sarakuna da shugabanni, Ɗan Maraya ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Su ma sauyi suka kawo, kuma yau su muke kira asali. Garin da na je ɗaurin aure ya ba Najeriya shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, wanda tun yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya don koyar da yara. Bai ga fasahar harshe a matsayin abin kunya ba. Mu jikokin zamaninsa ne muka mayar da ita haka.

Abin kunya ne a ce kundin da ya buɗe wa ɗaya daga cikin fitattun makaɗan jita na Afirka ƙofa a Sakkwato aka ɗauke shi, amma sai baƙo daga wata nahiya ne ya gane darajarsa ya adana shi. Wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Roƙona ga masu karatu guda biyu ne. Kafin ka ce makaɗi ya lalace, nemi mai jin harshensa ya fassara maka abin da yake faɗa, sannan ka saurari tsohon da sabon a zama ɗaya. In kuma akwai yaro a unguwarku mai ɗaura waya a jikin gwangwani yana neman sauti, kada ku fasa masa gwangwanin. Ku kai shi wurin tsohon makaɗin da ya rage a garinku tun yana da rai, ku kuma biya tsohon. Allah ya sa mu gane. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma kan taki.